Cinyar Uwa Ba Garkuwa Ba Ce: Martani

Wani marubuci ya yi da'awa a maƙalarsa cewa yaro ba shi da wurin aminci a mota irin cinyar uwarsa, kuma wai kujerar yara da ɗamararta bidi'a ce wadda mai tawakkali ba ya bukata. Malam, da girmanka, wannan magana ba ta da madogara a shari'a, balle a hankali.

Lalle duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kaduna, ya ga yadda direba kan taka birki ba shiri saboda rami ko garken shanu, ya san cewa a wannan ƙiftawar ido jikin yaro yakan ci gaba da gudun da motar take yi, har ya kuɓuce wa uwa komai ƙarfin riƙonta, ya doki gilashi. Malamanmu kuwa sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta tsare, kuma ba su taɓa cewa riƙo da sababi yana warware tawakkali ba.

Uzurinka na cewa ɗaurarren yaro yakan yi rigima shi ma rarrauna ne. A zaunar da shi a baya, a kulle ƙofa, a yi masa tatsuniya, a yada zango a Zariya ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota lokacin salla, domin zafinta yana kisa. Kuka dai rarrashinsa ake yi. Amana kuwa, ranar hisabi sai an tambaye mu.