Tsohon Zarton Inji Ba Kayan Bola Ba Ne

Akwai waɗansu mutane a Jamus da Suwidin da Amurka waɗanda in sun taso daga aiki, maimakon su tafi hira ko kallon ƙwallo, sai su shige wani ɗan ɗaki a bayan gida su duƙufa a kan tsohon zarton inji, watau injin nan mai sarƙa da haƙora wanda a ke kayar da itace da shi. Su kan bi gwanjo da gidajen manoma suna sayen waɗanda suka mutu tun shekara talatin ko hamsin, su kwance su ƙusa-ƙusa, su wanke, su gano abin da ya lalace, su gyara, su mayar. Ran da injin ya yi tari ya tashi, murnarsu ta fi ta wanda goɗiyarsa ta haifu. Sa'an nan su jera shi bisa kanta kusa da 'yan'uwansa. Wani yana da goma, wani ya wuce ɗari.

Mun sani da yawa cikin masu karatu za su ce ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, ya rasa abin yi da kuɗinsa. Mu kam ba haka mu ke gani ba. A ganinmu mutanen nan suna tsare wani abu wanda mu mu ke zubarwa kullum ba mu sani ba, kuma makarantunmu na sana'a su ne suka fi kowa hasara.

Wanda ya shiga ɗakin mai irin wannan sha'awa ya dubi injunan bi da bi, zai karanta tarihi ba da littafi ba. A 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a Stuttgart. A 1927 kamfanin Dolmar na Emil Lerp ya fitar da mai shan fetur, nauyinsa kilo 58, watau ya fi buhun siminti. Mutum biyu ke riƙe shi, ɗaya a gindi ɗaya a kai. Na Stihl mai fetur da ya fito a 1929 kilo 46 ne. Shekara ashirin bayan haka, a 1949, kamfanin McCulloch na Amurka ya fitar da wanda bai wuce kilo 11 da 'yan kai ba, mutum guda ya ɗauka ya shiga daji. To, ina kilo talatin da 'yan kai ɗin nan suka tafi? Amsar tana jikin injunan. An bar baƙin ƙarfe mai nauyi an koma ga ƙarfe mara nauyi, an rage wannan, an haɗe wancan. Yaron da ya ɗaga na farko da hannunsa, kana ya ɗaga na baya, ya fahimci abin da malami zai kwana uku yana bayani a allo.

Sarƙar ma tana da labarinta. Ta dā haƙoranta irin na zarton hannu ne, ba ta daɗewa ta dakushe, wasa ta kuwa wahala. Wani mai saran itace a Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta masu lanƙwasa, ta yanka dama ta yanka hagu. Ya je ya ƙera haƙori mai wannan siffa, ya fara sayarwa a 1947. Sarƙar da ke bisa yawancin injunan nan har yau jikanyar tasa ce. Ba mu san wani darasi da ya fi wannan dacewa da yaran da mu ke ta roƙo su buɗe ido su dubi abin da ke kewaye da su ba.

Amma babban dalilinmu shi ne wannan: tsohon inji yana yarda a buɗe shi. Da sufana da sukundireba da magagari an gama. Fistin guda ne, fulogi guda. Ba shi da batir, gama maganaɗisun da ke jikin faifan da igiya ke juyawa shi ke haifar da tartsatsin wuta. Ba shi da ma'ajin baƙin mai na inji, sai a gauraya mai da fetur, a injunan dā sau da yawa kashi ɗaya cikin 25, a na yanzu ɗaya cikin 50, in an manta kuwa fistin ya kama. Kafiretarsa abar kallo ce. Injunan farko ba su yarda a karkata su, gama man zai malale ko ya yanke, saboda haka sai a juya takobin zarton a bar injin a tsaye. Daga baya aka samo kafireta mai 'yar fata siririya wadda ke bugawa tana tura mai ko da an kifa injin. Wannan 'yar fata ita ce mafi yawan abin da ke kashe zarton da ya daɗe a ajiye: fetur ya bushe a ciki, ta sandare. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ashe inji nawa aka yar saboda ita?

Na zamani kuwa wani abu ne dabam. Manyan kamfanoni sun sa ƙwaƙwalwar lantarki tana daidaita man da kanta, a 2019 Stihl ya baza wani a kasuwa wanda ba shi da kafireta sam, ga kuma masu batir suna ta yawaita. Ba mu ce ba su da kyau ba. Sun fi sauƙi, sun fi tsimin mai, sun fi tsare lafiyar mai aiki. Sai dai ɗalibi ba ya ganin kome a cikinsu, sai baƙin akwati a liƙe. In ya lalace a jona shi da kwamfuta, ta ce a sake kaza, a sake. Wanda bai taɓa ganin abin da ƙwaƙwalwar nan ta ke yi a madadinsa ba, yaya zai san ran da ta yi ƙarya?

To, mu juyo gida. Zarton inji ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya san masu tsaga katako ya san Stihl 070, wanda aka fara yi tun 1968, ya zama jakin dazuzzukan Afirka ta Yamma. Makanikanmu na Panteka a Kaduna da na kasuwannin Kano sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu, kuma ba a makaranta suka koya ba. Amma in inji ya tsufa har mai shi ya gaji da shi, ina ya ke zuwa? 'Yan gwangwan su ɗora shi a sikeli, su biya kuɗin nauyinsa, a kai shi a narkar. Mu da aikinmu ya ke zagaya makarantu mun sha shiga ɗakin koyon sana'a mu tarar da hoton inji an zana a allo da alli mai launi, kyakkyawa ƙwarai, yara sun kwafa cikin littafi, sun haddace sunan kowane sashe da Turanci, amma babu ko ɗaya da ya taɓa shafa baƙin mai a hannunsa. In an tambayi shugaban makaranta sai ya ce ba a aiko da kayan aiki ba. Gaskiyarsa. Amma kayan aikin suna wucewa ta ƙofar makarantarsa a baro kowace safiya.

Akwai magana guda mai nauyi da za a iya yi mana, ba kuwa za mu kauce mata ba. Za a ce injin nan shi ya cinye mana daji. Itacen da mai gatari zai yini yana sara, zarto ya kan kayar da shi kafin a sha ruwa. Mun ga abin da ya sami madobiya a Taraba da maƙwabtanta sa'ad da 'yan kasuwa suka dinga kwasarta zuwa Sin, har a 2016 taron ƙasashen duniya a Johannesburg ya sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izni. Gana kuwa tun 1998 ta hana tsaga katako da zarton inji don sayarwa. Ashe ya kamata a ɗauki makamin da ya yi wannan ɓarna a goge shi a ɗora bisa kanta? Mu dai mun ce ya kamata, kuma saboda ɓarnar ma. Gidan Makama a Kano yana ajiye da kayan yaƙin dā, ba wanda ya ce ana koya wa yara yaƙi. Yaron da aka nuna wa injin, aka gaya masa yawan shekarun da madobiya ta ke yi kafin ta isa sara da 'yan mintocin da a ke yi a kayar da ita, ya fi kusa da zama malamin daji na kirki bisa ga wanda bai taɓa jin labarin ba.

Sai dai lalle a yi hattara, gama masu wannan sha'awa su da kansu ba su ɗaukar tsofaffin injunansu su shiga daji da su. Na dā ba su da birkin sarƙa. In ƙarshen takobin ya taɓa wani abu sai injin ya yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi, sarƙa tana gudu. Sai cikin shekarun 1970 aka fara sa birkin da ke tsayar da ita nan take. Girgizarsu kuma ta kan kashe jijiyoyin yatsu in an daɗe ana aiki da su, ƙararsu ta kurmantar. Saboda haka wanda za a kai makaranta a cire masa sarƙa tun daga bakin ƙofa, a rataye ta dabam, in za a tayar da shi a ɗaure shi bisa benci a fili, malami yana tsaye.

Abin da mu ke roƙo ba ya bukatar a jira kasafin kuɗi. Kowane shugaban makarantar sana'a ya aika wa masu tsaga katako da makanikai da sarkin 'yan gwangwan na garinsa, ya ce in an kawo mataccen zarto a ba makaranta labari kafin a narkar, za ta biya kuɗin sikeli. Uku ko huɗu sun isa farawa, in an samu iri dabam-dabam ya fi. Kowanne a ɗaura masa 'yar takarda, a rubuta sunan kamfani da lambar da ke jikinsa, da dajin da ya yi aiki, da abin da ya kashe shi. A raba yara biyar-biyar, kowane rukuni da nasa injin har ƙarshen zango. Sa'an nan a gayyato tsohon makanikin da ya shekara ashirin yana gyaran su, ko da bai iya rubuta sunansa da boko ba, a ba shi kujera a gaban aji ran Alhamis, a biya shi ladan yininsa.