Kafin a zargi koyil, a duba hannun mai gyara

A shekarar 1947 kamfanin Gottlieb na birnin Shikago a Amurka ya fito da injin wasan finbol mai suna Humpty Dumpty, na farko da ya zo da fikafikan da ɗan wasa ke bugun ƙwallon ƙarfe da su. Kafin nan sai dai a harba ƙwallo a zuba ido, abin da ya sa hukumomi suka ɗauki wasan a matsayin caca, har birnin Niyok ya haramta shi daga 1942 zuwa 1976. Fikafikan ne suka mai da shi wasan gwaninta. Su ne kuma yau ke wahalar da masu farfaɗo da tsofaffin injuna, kuma sau da yawa ba tsufa ne ke kashe su ba, gaggawar mai gyara ce.

Abin da ke ɗaga fiffike koyil ne, amma koyil biyu ne a jiki ɗaya. A yawancin injunan kamfanonin Williams da Bally akwai naɗin waya mai kauri, wanda ke fizgar fiffiken sama da ƙarfi, da kuma naɗin siririyar waya wanda ke riƙe shi a sama ba tare da ya yi zafi ba. Ƙafafu uku ne ke fita daga koyil ɗin. Kusa da shi akwai ɗan makunnin da fiffiken ke buɗewa idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, da tazarar kamar milimita 3, sai aikin ya koma kan siririn naɗin.

Duk kuskuren da aka yi a nan yana da alamarsa. Idan aka liƙa wayoyin makunnin a ƙafafun da ba nasu ba, fiffiken zai tashi a raunane, ko ya ƙi tashi sam, domin an tsallake naɗin mai ƙarfi. Idan makunnin bai buɗe ba, wuta mai yawa za ta ci gaba da bi ta naɗin mai kauri muddin ɗan wasa yana danne da maɓalli, nan da nan ƙauri ya tashi, koyil ya toye. Idan kuwa siririyar wayar ta tsinke a gindin ƙafarta, fiffiken zai riƙa karkarwa sama da ƙasa ba tsayawa.

Mafi tsada shi ne kuskuren dayod. A injunan da ke amfani da wutar DC, ana ɗora dayod a kan koyil don ya shanye wutar da ke komowa baya idan an yanke ta. Gefensa mai zobe shi ke fuskantar wayar da ke kawo wuta. Aka juya shi, fis zai ƙone, wani lokaci har da tiransistan da ke kan allon injin.

A nan ne wasu ke ƙara ɓata lamari. Fis ya ƙone, sai a sa wanda ya fi shi girma. Koyil ya toye, sai a sayo sabo a liƙa shi yadda aka liƙa na baya. Wannan ba gyara ba ne, ɓarnar kuɗi ce. Fis bai ƙone banza ba, sanarwa ya yi cewa akwai matsala, kuma babban fis ba abin da zai yi illa ya bar wutar ta wuce ta cinye abin da ya fi shi daraja.

Masu cewa ido da ƙwarewa sun isa suna manta cewa injunan ba iri ɗaya ba ne. Injin The Addams Family na 1992, wanda aka ƙera fiye da 20,000, ya zo da tsarin Fliptronics, inda allon lantarki ne ke yanke wuta, makunnin kuma a buɗe yake zama sai fiffike ya rufe shi. A injunan da suka gabace shi a rufe yake zama. Wanda ya saba da ɗaya ya yi wa ɗayan aiki da ka, shi da kansa zai haifar da cutar da yake neman magani.

Williams ya daina ƙera finbol a 1999, saboda haka kowane allo na asali da ya ƙone asara ce mai wuyar mayarwa. Ya kamata duk mai taɓa waɗannan injuna ya cire filogi tukuna, ya ɗauki hoton wayoyin kafin ya narkar da dalma, ya buɗe zanen da ke cikin littafin injin ya bi launin kowace waya. Sannan ya ɗora mita a kan koyil: a irin na injunan Williams na ƙarshe-ƙarshe naɗin mai kauri bai kai om 10 ba, siririn kuwa ya haura 100. Sai ya tabbatar da wannan da kuma fuskar dayod kafin ya mayar da wuta.