Ba kowane tabo ne jifa ba

Wani maƙwabcina tela a nan Birketiri ya yi wata takwas yana ɓoye ƙafarsa cikin safa. Tabo ne baƙi-baƙi ya feso masa, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. 'Yan uwa suka ce jifa ne daga abokan gaba a kasuwar Mokolo. Aka yi ta turare da jiƙe-jiƙe, har keken ɗinkinsa ɗaya ya tafi. Ranar da ya yarda na raka shi asibiti, aka yanki 'yar fata aka auna, likita ya ce sankarar Kaposi ce.

Wannan sankara daga bangon jijiyoyin jini take tasowa. Likita Moritz Kaposi ne ya fara bayaninta a 1872, kuma a 1994 aka gano ƙwayar cutar da ke haddasa ta, HHV-8. A Turai ba a cika ganinta ba, amma a yankinmu tana nan tun kafin zuwan ƙanjamau. Gaskiya ne ta fi kama wanda ƙanjamau ya raunana, sai dai tana kama wanda ba shi da shi. To don me za mu riƙa yi wa mai ita kallon banza?

Magani akwai. Mai ƙanjamau, idan abin bai yi nisa ba, sau da yawa maganin ARV kaɗai kan sa tabon ya lafa, kuma kyauta ake ba da shi a Kamaru tun 2007. Idan ya bazu, sai an haɗa da shimiyo. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna paclitaxel ya fi haɗin bleomycin da vincristine aiki. Babban Asibitin Yawunde yana da sashen sankara.

Matsalar ita ce kuɗi, domin shimiyo ba allura ɗaya ba ce. Wanda ya fara ya tsaya a hanya, ciwon kan dawo.

Nan nake kira ga limamanmu da 'yan kasuwa. Muna haɗa adashe don biki da suna, me zai hana kowane masallaci ya ware asusun marasa lafiya daga zakka da sadaka? Addu'a ba ta hana neman magani.

Maƙwabcina ya koma kan kekensa, amma da ɗingishi. Wata takwas ɗin nan ne suka ja masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.