Sabon Direba Da Inshorar Mota: Ina Arahar Take?

Tun ranar 1 ga watan Fabrairu, 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Nijeriya ta ƙaddamar da binciken motocin da ba su da inshora, bisa umurnin Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, wata takarda da masu motoci suka daɗe suna cusa ta cikin aljihun mota ba tare da sun ko karanta ta ba ta zama abin magana a ofisoshi da makarantu da tashoshin mota. Waɗanda al'amarin ya fi taɓawa kuwa su ne matasa sababbin hannu, watau ƙaramin ma'aikacin da ya yi shekaru yana tari har ya sayi 'yar motarsa ta hannu, da ɗalibin da mahaifinsa ya sakar masa makulli bayan ya karɓo lasin. Tambayarsu guda ce: a ina za a sami inshora mai araha?

Amsar da za mu bayar ba za ta yi wa kowa daɗi ba. A ƙasar nan ba a ciniki a kan inshorar da doka ta wajabta, domin hukuma ce ta yanke kuɗinta. Saboda haka duk wanda ya ce ya samo ta a ƙasa da wannan farashi, to, ya binciki takardarsa da kyau, don akwai alamar takarda kawai ya saya, ba inshora ba.

Abin da doka ta tanada

Wajabta inshorar mota ba sabon abu ba ne. Tun a 1945, zamanin mulkin Turawa, aka kafa dokar da ta hana kowa hawa titi da mota sai yana da inshorar da za ta biya diyyar wanda ya yi wa ɓarna. Dokar inshora ta 2003 ta ƙara jaddada haka, sa'an nan a watan Agusta na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkokin inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda.

Inshorar mota iri biyu ce mafi shahara. Akwai ƙarama, wadda jama'a ke kira tad-fati, ita ce ta dole. Ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biya shi idan an sace ta. Aikinta shi ne biyan wanda aka buge, ko aka lalata wa mota, ko aka rushe wa katanga. Akwai kuma babba, wadda ake kira kwamfirihensif, wadda ta haɗa da motar mai inshorar kansa, ko haɗari ne, ko gobara, ko sata.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta fitar da sabon farashi wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. Kuɗin ƙaramar inshorar motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, babur Naira 3,000, mai ƙafa uku Naira 5,000, babbar motar ɗaukar kaya kuwa Naira 100,000. Jama'a sun yi ta ƙorafi a kan wannan ƙari, amma ba kowa ya lura da ɗaya gefen ba: diyyar dukiyar da kamfani zai iya biya a madadin mai motar gida ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kazalika an shigar da katin inshorar ƙasashen ECOWAS cikin wannan kuɗi, don amfanin mai ƙetarawa da motarsa zuwa ƙasashe irin su Benin da Togo da Gana.

Idan aka raba Naira 15,000 bisa watanni goma sha biyu, Naira 1,250 ke nan a wata, abin da bai kai kuɗin lita biyu ta man fetur ba. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ba za a ce kuɗin ba kome ba ne. To, amma wanda ya iya zuba wa mota mai a kowane mako, ba zai ce inshorar shekara ce ta gagare shi ba.

Yadda abin yake a wata ƙasa

Domin mu gane matsayin matashinmu, yana da kyau mu dubi takwaransa na ƙasar Ingila, inda aka wajabta inshorar mota tun 1930. Can gwamnati ba ta yanke farashi. Kowane kamfani yana auna direba ne bisa shekarunsa, da daɗewarsa da lasin, da ƙarfin injin motarsa, har da unguwar da yake kwana. Sakamakon haka, saurayi ɗan shekara 17 ko 18 da ya karɓi lasin jiya yakan biya fiye da fam dubu a shekara, wani lokaci ma kuɗin inshorar ya zarce kuɗin tsohuwar motar da ya saya. Don neman sauƙi, da yawansu sukan yarda a maƙala musu wata 'yar na'ura a mota, wadda ke kai wa kamfani rahoton gudunsu da yadda suke taka birki da lokutan da suke fita, in an ga natsuwa a rage musu kuɗi.

Ba ƙiyayya ce ta sa kamfanonin ke tsawwala wa matasa ba, lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekaru 5 zuwa 29. Sabon hannu bai riga ya koyi auna tazara ba, bai san halin hanya da daddare ko lokacin ruwa ba, ga kuma zafin jini da son burge abokai.

A nan gida kuwa, ɗan shekara 18 da ya fito daga makarantar koyon tuƙi jiya, da dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi bai taɓa ko goga wa wani fenti ba, kuɗin ƙaramar inshorarsu ɗaya ne. Ashe ke nan matashin Nijeriya ya riga ya sami arahar da yake nema, tun da shi ne ya fi kowa kusa da haɗari, amma ba a ƙara masa ko kwabo ba.

Tarkon takardar jabu

Duk da wannan rangwame, har yanzu akwai masu faɗawa hannun 'yan kamasho da ke shawagi a bakin ofisoshin lasin. Sabon mai mota, saboda ɗoki da rashin sani, yakan miƙa wa ɗayansu kuɗi a dunƙule ya ce a haɗo masa takardu gaba ɗaya. Da yamma sai a kawo masa takardu har da ta inshora, mai hatimi da sa hannu da sunan kamfani, alhali kuwa ko dai kamfanin babu shi sam, ko kuwa yana nan amma bai san da zancen ba. Mai mota ya tafi yana murna ya rage 'yan dubbai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ce wannan saurayi ya kuskure birki a mahaɗar hanya ya daki bayan wata sabuwar mota. A farashin kayan gyara na yau, fitila guda da bamba da fenti suna iya cinye albashinsa na watanni. In kuwa mutum ya buge, ga kuɗin asibiti, ga zaman ofishin 'yan sanda, wataƙila har kotu. Da takardarsa ta gaskiya ce, da kamfani ne zai ɗauki nauyin. Da yake ta jabu ce, sai a koma kan iyaye da dangi, a sayar da motar, a ci bashi, kuma ga laifin tuƙi babu inshora yana jiransa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage araha har tsirara take bar mutum.

Abin takaici shi ne, gano gaskiyar takarda ba shi da wuya. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowane kamfani mai rajista ke shigar da motocin da ya yi wa inshora. Mutum na iya shiga ta wayarsa, ya sa lambar motarsa, nan take ya ga ko sunanta na ciki. Da wannan rumbu ne jami'an tsaro ke iya tantance takarda a kan hanya. Wanda bai ga motarsa a ciki ba, to, ya koma wurin wanda ya sayar masa tun kafin tsautsayi ya riga shi.

Ga mai son babbar inshora

Inda ake iya neman sauƙi na halal shi ne wajen babbar inshora, ko da yake ita ma an yi mata ƙasa: NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire kowane irin rangwame. Motar Naira miliyan 5 ke nan za ta ci aƙalla Naira 250,000 a shekara. Wannan ya nuna cewa tun a wurin sayen mota ake fara rage kuɗin inshora. Sabon direban da ya haƙura da ƙaramar mota mai sauƙin kayan gyara ya rage wa kansa nauyi ta kowace fuska.

A nan ne kuma ƙuruciya ke da farashi. Galibin kamfanoni sukan sa sharaɗin cewa mai mota zai biya wani kaso na kuɗin gyara daga aljihunsa, kuma sukan ƙara wannan kaso idan direban yaro ne ko sabon lasin gare shi. Wajibi ne mutum ya tambayi wannan kafin ya sa hannu, ya kuma kwatanta sharuɗɗan kamfani biyu ko uku, ba farashi kaɗai ba. Akwai kuma tsaka-tsaki, watau ƙaramar inshora haɗe da ta gobara da sata, ga wanda babbar ta fi ƙarfinsa.

Abubuwa uku ke ɓata inshora ko da ta gaskiya ce. Na farko, tuƙi babu ingantaccen lasin, ko miƙa makulli ga aboki marar lasin. Na biyu, yin kabu-kabu da motar da aka yi wa inshora da sunan motar gida, abin da ƙananan ma'aikata da dama ke yi bayan tashi daga aiki don cike giɓin albashi. Na uku, ɓoye gaskiya wajen cike fom, kamar uba ya rubuta cewa shi ke tuƙa motar alhali ɗansa ne ke yawo da ita kullum. Haka kuma idan haɗari ya auku, a sanar da kamfani da wuri, a sami rahoton 'yan sanda, kada a yi gaggawar ɗaukar alkawarin biya a bakin titi.

Akwai kuma jama'a masu yawa da ke ƙaurace wa inshora saboda shakkar halaccinta a addini. Su ma an buɗe musu ƙofa. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau tsarin taimakekeniya inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda asara ta sama, in an sami rara a raba musu. Kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna wannan aiki da izinin hukuma, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a kan hanya.

Nauyin da ke kan hukuma

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa matasa laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dalilin da ya sa mutane suka ɗauki inshora tamkar harajin wucewa shingen 'yan sanda shi ne, kaɗan ne suka taɓa ganin wanda aka biya. Wanda ya je neman haƙƙinsa aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo har ya gaji, ba zai shawarci ƙaninsa ya sayi ta gaskiya ba. Sabuwar dokar 2025 ta ɗaga jarin da ake bukata kamfani ya mallaka, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Wannan mataki ne mai kyau, amma jama'a ba za su gaskata ba sai sun ga ana biyan diyya cikin lokaci, ana kuma hukunta kamfanin da ya yi taurin bashi a bainar jama'a.

Don haka muna ganin ya kamata ƙarfin da aka sa wajen tare masu motoci a hanya, a sa irinsa wajen korar 'yan kamasho daga harabar ofisoshin lasin na jihohi. Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tabbatar makarantun koyon tuƙi suna koya wa ɗalibansu ma'anar inshora da yadda ake neman diyya, kamar yadda suke koya musu alamomin hanya. Ya kuma kamata a fassara sharuɗɗan inshora cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, domin ba a ɗaure mutum da yarjejeniyar da bai fahimta ba.

Kai kuma sabon direba, kafin ka sa wa motarka sabon rediyo ko ka rufe gilasanta da baƙar leda, tafi da ƙafarka ofishin kamfani mai rajista ko wakilinsa sananne, ka biya, ka karɓi rasit, ka duba lambar motarka a rumbun NIID. Ba a fafe gora ranar tafiya.