Facin Fata Da Jini Yake Rayuwa

Mai karatu, idan wuta ta ƙona mutum, ko ciwon noma ya cinye kuncin yaro, wani lokaci likitan tiyata yakan yanko lafiyayyar fata daga gefe, ya bar gindinta a manne da jiki, ya juyo ta ya rufe ciwon. Ta wannan gindi kaɗai jini ke shiga facin.

A 1965 wani likita a Kanada mai suna McFarlane da abokan aikinsa suka yi irin wannan yanka a bayan ɓeraye. Bayan 'yan kwanaki, wajen gindin yana nan lafiya lau, amma bakin da ya fi nisa ya yi baƙi ya bushe, domin jini bai kai can ba. A 1970 kuma Milton ya gwada a jikin aladu a Ingila, ya nuna cewa faɗaɗa facin kawai ba ya hana bakinsa mutuwa, ƙarfin jinin da ke shiga shi ne magana. Daga baya an ba ɓeraye nikotin, sinadarin da ke cikin taba, sai wurin da ke mutuwa ya ƙaru, saboda yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini.

Na san wani zai ce ina ruwan mutum da ɓera. Gaskiya ne fatarsu ba irin tamu ba ce, kuma ba duk maganin da ya yi musu aiki yake yi mana ba. Amma mu unguwarzoma mun san wannan ɓarna a jikin mutum: kan jariri ya daɗe yana danne naman uwa a doguwar naƙuda, jini ya yanke, naman ya mutu, sai yoyon fitsari.

Don haka a ganina, wanda aka sa wa ranar aiki ya ajiye sigari da shisha aƙalla mako 4 kafin ranar, kada ya ce kara ɗaya ba komai. Bayan aiki kada ka kwanta a kan facin. Masu jinya, don Allah ku daina ƙara ɗaure bandeji ko gasa wurin da ruwan zafi.

Kwana 3 na farko sun fi haɗari. A baƙar fata sauyin launi yana da wuyar gani, shi ya sa muke yawan zuwa muna taɓawa, har da tsakar dare. In ka ji wurin ya yi sanyi, ko ya kumbura ya ƙara duhu, kira nas nan take, kada ka jira zagayen likita na safe.