Kada Mu Sayar da Tarihinmu a Kilo

A ƙasar Jamus har yau akan taru a baje kolin wata 'yar mota mai suna Trabant, wadda aka fara ƙerawa a Jamus ta Gabas a 1957, zamanin mulkin kwaminis, aka daina a 1991. Ga ta da hayaƙi, ga ƙara, bangon jikinta ma tarkacen auduga ne aka cuɗa da ƙaro. Duk da haka Jamusawa sun adana ta, domin yara su ga yadda kakanninsu suka rayu.

Mu ma a Nijeriya an shigo da motocin ƙasashen kwaminis, irin su Lada da Volga na Tarayyar Sobiyat, musamman bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ga kuma Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. To, ina suke yau? Sun ruɓe a bayan gareji, 'yan gwangwan na sassare su suna sayarwa a kilo.

Wani zai ce mai neman abinci ina ruwansa da tsohon ƙarfe. Gaskiya ne, amma ba duka muke roƙo ba. Ɗaya daga kowane iri ta isa. Irin wannan sakaci ne ya cinye mana yawancin ganuwar Zazzau.

Iyayenmu, wanda ke da irin motar nan ya gyara ta. Mu kuwa 'yan makaranta mu nemi hukuma ta ware fili a gindin Dutsen Kufena, a riƙa nuna su kowace shekara. Ai da tsohuwar zuma ake magani.