Hoton da ya rage a hannun Goggo

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga, da yawa daga cikinmu da muka yi shekaru muna zumunci ta waya muka fara komawa gida. Na bi hanyar nan ta Buruku da Udawa, zuciyata na dukan uku-uku, domin a wannan hanya aka harbe taubashina, direban motar haya, shekaru kaɗan da suka wuce.

Hotonsa guda ɗaya tak ya rage wa mahaifiyarsa. An ɗauke shi da ƙaramar waya a cikin zaure bayan magariba, babu haske sai na fitilar caji da ke bayansa. Fuskar ta yi duhu, rigar ta yi shuɗi-shuɗi. Wani jikanta da ke karatu a Kaduna ya so ya faranta mata, ya sa hoton a manhajar Remini, ya wanko shi babba a cikin gilashi. Da na shiga gaishe ta, sai na tarar ta juya shi yana kallon bango. Ta ce da ni, "Ɗan nan, wannan yaron kyakkyawa ne, amma ban san shi ba. Ina billensa?"

Gaskiyarta. Billen da ke kuncinsa na hagu ya ɓace, hancin ya ƙara tsini, fatar ta yi haske kamar ta wanda bai taɓa shan rana a tasha ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a nan. Kyamara haske take tarawa. Idan hasken ya yi ƙaranci, abin da ta samu daga fuska kaɗan ne, sai ya cakuɗe da ɗigo-ɗigon da na'urar kanta ke haifarwa. Hoton JPEG da yawancin wayoyi ke ajiyewa matakai 256 kawai yake da su tsakanin duhu da haske a kowane launi, kuma fuskar da ke cikin inuwa 'yan matakan ƙasa ta samu. Mai gyara da Photoshop ko Snapseed yana iya buɗe inuwar, ya daidaita launi, ya rage ɗigon. Duk wannan tono ne na abin da ke binne a cikin hoton. Manhajar ƙirƙirarriyar basira kuwa wani aiki take yi daban: inda ta rasa bayani sai ta cike gurbin da hasashe, daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita da su. Bille a wurinta datti ne da ya kamata a share.

Matsalar ta girmi wayar hannu. A zamanin fim, kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake auna daidaiton launi. Fatar da ta yi nisa da tata sai ta sha wuya. A 2020 wani ya sa dusasshen hoton Barack Obama a manhajar PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka ƙera, sai ta fito da fuskar Bature. Google ma bai fito da tsarin Real Tone don kyautata ɗaukar baƙar fata ba sai a 2021. Mu kuma, sai a yi haƙuri da ni, mun taimaka wa wannan son kai: dubi fastocin 'yan takara da hotunan amare, kowa ya zama fari tas.

A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Kamuku da na Kuyambana, wannan ya wuce batun ado. Akwai gidajen da har yau suke cigiyar wanda aka shiga daji da shi, kuma hoto ne kaɗai abin da suke nuna wa jami'an tsaro da waɗanda suka kuɓuto. Hoton da aka share wa tabo, aka gyara wa hanci, zai iya sa wanda ya kwana da mutum a sansani ɗaya ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ina roƙon matasan da ke wannan sana'a a shaguna su riƙa adana na asali, su miƙa shi tare da gyararren. Kuma a daina yawo da shi ta WhatsApp kafin gyara, domin manhajar tana matse hoto, sai ɗan bayanin da ke cikin inuwar ya ƙara raguwa.

Na karɓi wayar da ke ɗauke da na asalin, na zauna da kwamfuta dare guda. Na ɗaga hasken fuskar kaɗan, na cire shuɗin fitilar, na bar ɗigo-ɗigon yadda yake, domin duk lokacin da na goge shi billen na tafiya tare da shi. Hoton bai yi kyau ba, ido ɗaya ma har yanzu yana cikin duhu. Goggo ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta shafa kuncin da ɗan yatsa, sannan ta ce a cire wancan daga gilashin a sa wannan.